Wata Bakwai da Gwaggo Ta Yi Ba Magana

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma shekara talatin da ɗaya ta yi tana wanki a asibiti. Ba nas ba ce, ba ta taɓa riƙe allura ba, amma a layinmu idan yaro ya yi zazzaɓi wurinta ake fara kai shi, ta taɓa goshinsa da bayan hannu ta ce a wuce asibiti ko a koma gida. Ɗakin wankin yana can bayan ginin, kusa da inda ake ƙona shara. Wuri ne mai tururi da warin sabulu, da injuna uku waɗanda kullum ɗaya a lalace yake. In inji ya tsaya sai a koma hannu. Tafin hannun Gwaggo ya yi fari fat, gefen yatsunta duk ya tsattsage, kuma har ta bar aiki bai koma daidai ba.

Daga zanin gado take gane ma'aikata. Takan ce in aka kawo mata kayan ɗakin marasa lafiya, ba sai an gaya mata wace nas ce ta yi aiki ba. Wata da zarar mara lafiya ya ɓata shimfiɗa za ta canza masa. Wata kuwa sai ta ninke wurin ta tura ƙarƙashinsa, ta ja bargo ta rufe, sai likita ya kusa zagaye sannan ta fara rawar jiki.

"Gaban likita kowa mutumin kirki ne," in ji ta. "Ni da nake baya, ni nake ganin aikin kowa."

Tana faɗa tana kwaikwayon tafiyarsu, mu kuma yara muna ta dariya.

Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata 'ya'ya uku, da wannan wankin ta rene su. Babban, tun bai gama makaranta ba muke ce masa Injiniya, kuma aiki ya kai shi wani gari mai nisa. Ta tsakiya Malama ce a makarantar firamare, ita ce 'yar lelen Gwaggo, mace mai fara'a da iya gaisuwa, wadda in ta tambaye ka lafiyar gida sai ka ji kamar kai kaɗai ta sani a duniya. Auta bakanike ne, shi ya zauna da uwarsa a gidan, shi da matarsa.

Matar Auta ba ta da magana, kuma komai a hankali take yi. Kofi ɗaya in za ta wanke sai ta juya shi ta sake juyawa. Gwaggo ta sa mata suna Hawainiya, sunan ya bi ta har yaran layi suka ɗauka. A gaban mutane wasa ne, Gwaggo tana kiranta 'yata, tana ce wa baƙi ta yi sa'ar suruka. Amma wata rana na shigo gidan ba su ji sallamata ba, na tarar da Gwaggo tsaye a kanta a bakin famfo.

"Shekara huɗu kina cin abincin ɗana, ko ɓari ba ki taɓa yi ba," take ce mata, murya ƙasa-ƙasa. "Ko tunkiya aka ɗaure a gidan nan da yanzu an ga riba."

Hawainiya ba ta ɗago kai ba. Da Gwaggo ta waiga ta gan ni, nan take fuskarta ta sake. "'Yata, kawo wa 'yar'uwarki ruwa mana." Na sha ruwan.

Ciwon ya same ta ne da hantsi, tana guga. Ko bayan ta bar aiki ba ta yarda wani ya goge mata kaya. Hawainiya ce ta ji faɗuwar, ta ruga ta cire dutsen gugar daga wuta, ta fita layi tana ihu, ita da ba a taɓa jin ɗaga muryarta ba. Aka kai Gwaggo asibitin da ta yi wa aiki, aka kwantar da ita a kan irin zanin da ta yi rabin rayuwarta tana wankewa. Hawan jini ne. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Wani matashin likita ya ce mana ba shi da tabbacin ko tana gane abin da ake faɗa. Shi ya ce ba shi da tabbas, mu kuwa muka dawo gida da cewa Gwaggo ba ta ji, ba ta ganewa.

Aka gyara mata ɗakinta. Aka sauke katifa ƙasa, aka shimfiɗa leda a kai, aka ajiye bokiti da tawul da kunzugu a lungu. Idanunta a buɗe suke, amma yawanci fankar sama take kallo. Hawainiya ce ke kanta daga safe har dare. Malama tana zuwa in an tashi makaranta, da ranar Asabar. Ni ina aiki a kantin sayar da magani, sai ranar hutuna nake zuwa in karɓe su na 'yan awoyi.

Makonnin farko gidan cike yake da masu dubiya, kuma duk wanda ya zo da labarin Malama yake fita. Za ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan uwarta a cinya, tana taje mata gashi tana hawaye. In Injiniya ya kira a waya sai ta juya masa fuskar wayar, ya ga tana ba uwarsu shayi da cokali, tana hura kowane cokali. Ita kuwa Hawainiya ba a cika ganinta ba, tana bayan gida tana wanke zannuwa.

Da aka yi wata biyu ƙafa ta ɗauke. Kowa ya gaji. Ni ma na gaji. Wata ranar Laraba ina zaune a ɗakin ni kaɗai da ita, ana zafi, ga wari, ƙawata ta kira ni tana tambayar jikin Gwaggo.

"Yana nan jiya i yau," na ce. "Ni wallahi da Allah zai ɗauke ta ta huta, mu ma mu huta. Ranar hutuna ɗaya a mako, a cikin warin nan nake ƙare ta."

Na ji alamar ta ɓata kunzugu. Na duba agogo, na ga saura rabin awa Hawainiya ta dawo daga kasuwa. Na buɗe taga, na ja kujerata kusa da ƙofa, na ci gaba da hira.

A wata na huɗu aka yi abin da ya raba gidan. Wata Asabar da yamma Malama ta kira mu ɗaya bayan ɗaya tana kuka. Da na iso na tarar ta yaye zanin Gwaggo, ga ƙuna a cinyar dama, faɗinta ya kai tafin hannu biyu, fatar ta tashi ta yi ruwa. Malama ta ce haka ta zo ta tarar, kuma kowa ya san wanda ke yi wa tsohuwa wanka.

"Da safe da na yi mata wanka babu wannan ƙunar, Yaya," in ji Hawainiya. "Na bar ki da ita na je karɓo magani."

"Au, ni kike nufi? Ni zan ƙona uwar da ta haife ni?"

Hawainiya ta yi shiru. Shirun nan shi ya kashe ta.

Bayan kwana biyu Injiniya ya iso, aka zauna a ɗakin Gwaggo, a kanta, kamar ba ta wurin. Malama ta ce ta daɗe tana lura, kunya ce ta hana ta magana. Ta ce yarinyar nan ta riƙe Gwaggo a zuci saboda sunan da ta sa mata, yanzu ta samu dama tana ramawa. Auta yana tsugune a bakin ƙofa, baƙin mai a hannunsa, sai murza hularsa yake yi.

"Matso nan," Injiniya ya ce wa Hawainiya. "Matso kusa da ita mu gani."

Ta matso ta durƙusa a gefen katifa. Sai Gwaggo, wadda wata huɗu ba mu ji ko tarinta da ƙarfi ba, ta fara wani irin gurnani daga maƙogwaro. Hannunta na hagu yana dukan katifa, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta, idonta kafe a kan Hawainiya.

"Kun gani?" Malama ta ce, ta fashe da kuka. "Ko ganinta ba ta son yi! Allah ya isa, Allah ya isa!"

Dukanmu mun gani, kuma dukanmu haka muka fassara shi. Injiniya ya juya ga ƙaninsa ya ce, "Mata suna da yawa, uwa ɗaya ce. Ka zaɓa." Auta ya ce matarsa ta je gidansu tukuna har ƙura ta lafa. Ta haɗa kayanta a jaka biyu, a hankali kamar yadda take komai. Kafin ta fita sai da ta kwashe zannuwan da ta shanya, ta ninke, ta ajiye a inda aka saba. Ƙurar ba ta lafa ba. Bayan mako uku takardar saki ta bi ta.

Aka ɗauko wata mata ana biyanta ta kula da Gwaggo. Ta yi kwana goma ta gudu. Aka kawo wata, ita kuma rabin yini a ƙofar gida take tana hira da masu wucewa. Cikin wata guda gyambo ya fito wa Gwaggo a ƙugu da diddige, abin da ba mu taɓa gani ba a wata huɗun farko. Ni da nake sayar da magani na san abin da ke kawo shi: rashin juya mutum ne. A nan ne na fara jin wani abu yana cin raina, amma na danne.

Wata bakwai cif da faɗuwarta magana ta fara dawowa. Ba magana sosai ba, kalma ɗaya, a huta, sannan wata, harshen yana nauyi kamar an ɗaure masa dutse. Ranar ina wanke mata gyambon ƙugu sai na ji ta kira ni da sunan da take kirana tun ina yarinya.

"Ƙwailo."

Audugar ta faɗi daga hannuna. Na yi kabbara, na tashi zan kira Auta, ta riƙe mini zani da hannun hagu.

"Zauna," ta ce. Sai da ta numfasa sau uku sannan ta ƙara. "Ba... ita... ba ce."

Yini guda muka yi kafin in haɗa labarin. Tun ranar farko Gwaggo tana ji, tana ganewa, babu abin da ya wuce ta. Ranar Asabar ɗin nan Malama ce ta zuba ruwan zafi a kofi za ta haɗa wa kanta shayi, ta ɗora kofin a kan katifa, tana dariya da wata a waya. Ta juya, gwiwarta ta ture shi. Ba ta ma lura da wuri ba, don ƙafar ba ta motsi. Da ta gani sai ta tsaya tana kallo, ta goge ledar, ta canza zanin, ta ja bargo ta rufe. Ta zauna ta sake haɗa wani shayin ta sha, sannan ta fara kiran mutane.

Ba wannan kaɗai ba. In babu kowa Malama ba ta hura cokali, turawa take yi, in ya zubo ta ja tsaki ta ce, "Haɗiye mana, kin mayar da mu bayi." Injiniya, a zuwansa biyu, ya tsaya a kanta yana auna ɗakin da ido, yana gaya wa wani a waya cewa in an rushe bangon nan za a fitar da shago biyu. Auta yakan leƙo ne kawai daga ƙofa, ya tsaya jim, ya juya.

"Hawainiya fa?" na tambaya.

Gwaggo ta rufe ido. Ta ce duk bayan awa biyu Hawainiya take juya ta, ko akwai mutum ko babu. Da gwiwar hannu take gwada ruwan wanka. Tana shafa mata mai a diddige, tana matsa mata yatsun da suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kuma tana yi mata magana, ita da ba ta magana. Tana ba ta labarin abin da ake ciki a layi, wani lokaci tana 'yar waƙa. Wata rana tana cikin share mata jiki ta ce, "Inna, kin ƙi ni, ni ma ban ce ina sonki ba. Amma ba zan bar ki cikin ƙazanta ba." Ranar da aka ce ta matso kuwa, ba tsoro ne ya sa Gwaggo gurnani ba. Sunanta take ƙoƙarin kira, sunanta na gaskiya, wanda shekara huɗu ba ta taɓa kiranta da shi ba.

Na zauna ina kuka. Gwaggo ta bar ni na yi mai isata, sannan ta juyo da idonta kaina.

"Ke ma," ta ce. "Laraba. Ki huta."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na kama ƙafarta ina ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ai gaskiya na faɗa, akwai wari.

Na ɗauka in na faɗi gaskiya za a gyara. Na kira su ukun. Malama ta zo da gudu, ta rungume uwarta tana godiya ga Allah. Da Gwaggo ta ɗaga yatsa ta nuna ta, ta ce, "Ke... shayi," sai Malama ta dube mu da jajayen idanu ta ce, "Wayyo, Inna ta rikice." Injiniya ya tambayi likita a waya, likita ya ce masu irin wannan ciwo sukan haɗa abin da ya faru da abin da bai faru ba. Magana ta ƙare a nan. Injiniya ya ja ni gefe ya ce in daina zuga tsohuwa, in ba so nake in raba zumunci ba. Auta kuwa tashi ya yi. Ya fita tsakar gida ya zauna a kan bokitin da aka kife, har muka watse yana wurin. Ina jin ya yarda. Amma yarda da ita na nufin ya saki matarsa a banza, kuma ya ce wa yayarsa maƙaryaciya, shi kuwa bai taɓa iya musu da kowa ba.

Gwaggo ta ce in nemo mata Hawainiya, in roƙar mata gafara. Sai da na yi mako biyu ina tambaya kafin in gano tana aiki a wani kamfanin ɗinka buhu a ƙarshen gari. Na jira ta a bakin ƙofa lokacin tashi. Ta fito cikin mata, zare duk ya manne mata a gyale, ta rame. Ta gaishe ni da ladabi kamar kullum. Muka tsaya a gindin katanga na gaya mata komai.

"Ashe tana ji?" ta ce, ta rufe baki da hannu. "Duk surutun da na yi?"

"Duka."

Ta daɗe tana kallon motoci suna wucewa. Sannan ta tambaye ni ko ana juya ta. Na ce ba sosai ba. Ta ce a riƙa sa matashi tsakanin gwiwoyinta, kuma ba ta son ruwa ya taɓa mata kunne.

"Ta ce ki yafe mata," na ce. "Ko ki zo ta gan ki, ko sau ɗaya."

"Yaya, da wace ƙafar zan shiga gidan? Har yau a layinmu ana nuna ni, wai ga wadda ta ƙona surukarta. Babana bai ƙara zama cikin mutane ba." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ƙunar ba laifinta ba ne. Amma shekara huɗun nan da bakinta ta yi su, lafiyarta ƙalau. Ki ce mata na ji saƙo."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya. Motarmu za ta tashi."

Kwana biyu ina juya abin da zan faɗa. Da na shiga ɗakin, Gwaggo ta kafe ni da ido tun daga ƙofa. Na zauna, na kama hannunta mai lafiya, na ce Hawainiya tana gaishe ta, ta ce ta yafe duniya da lahira, aiki ne ya hana ta zuwa.

Gwaggo ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Ƙarya," ta ce. Ta zare hannunta, ta mayar da fuskarta bango.

Daga ranar ta daina magana, wannan karon da gangan. In Malama ta zo da baƙi ta ɗora kanta a cinya, Gwaggo takan rufe ido har su tafi. Ni takan amsa mini da kai, ruwa ko a'a, zafi ko sanyi. Na riƙa zuwa kullum bayan aiki ina juya ta, ina sa matashin tsakanin gwiwoyi, amma gyambon ya riga ya yi zurfi, kuma ban san ko don ita nake yi ba ko don yanzu na san tana kallo. Ta ƙara wata uku, zazzaɓi ya shiga, ta rasu wata ranar Litinin da azahar, mai kula da ita tana ƙofar gida.

Mutane sun zo gaisuwa da yawa, har da tsofaffin ma'aikatan ɗakin wanki, mata huɗu masu irin hannunta. Duk wanda ya shigo wurin Malama yake nufa. Wata dattijuwa ta kama kafaɗarta ta ce, "Ke kam kin gama da uwarki lafiya. Allah ya ba mu 'ya'ya irinki." Ɗakin ya amsa da amin. Ina zaune a gefenta, cinyata na gogar tata, ni ma na ce amin.

Ba a yi wata biyu ba aka fara rushe bangon ɗakin. Katifar ce ba wanda ya so, Auta ya ja ta shi kaɗai har bakin bola.